Zoben da Wuƙa ke Yi

A tudun Aigiyo, inda teku ke leƙen gonaki,
watan Mayu, inabi na fure,
kakana Anestis ya durƙusa gaban kuringa
kamar mai neman gafara.
Wuƙarsa baki biyu gare ta.
Ya zagaye gindin sau ɗaya,
ya ɗago zaren ɓawo, siriri kamar igiyar takalmi,
ya ajiye mini a tafin hannu da danshinsa.

Ya ce, "Efrosini, na tare hanya.
Zaƙi ba zai gangara ba.
Ya zauna sama, 'ya'ya su sha."

Shekara bakwai na yi a Patras
sunkuye kan madubin da ke mai da ƙura dutse
kafin in ga abin da ya faɗa da idona.
Ganye madafa ne, rana ce wutarsa,
kuma girkin ba ya kwana a tukunya.
Ana loda sukari a bututun ƙarƙashin ɓawo,
ruwa ya ji zaƙi ya biyo sawu,
ya cika, ya matsa,
na baya ya ture na gaba,
har saiwar da ba ta taɓa ganin rana ba
ta karɓi rabonta cikin duhu.
Babu zuciya mai bugawa.
Cunkoso ne kawai, daga gidan ƙoshi zuwa gidan yunwa.

Bututun ma ɗakuna ne a jere,
kan wannan a ƙafar wancan, tsakaninsu rariya.
Kowanne ya kwashe kayansa ya zubar,
har kundin da ke ɗauke da sunansa,
don matafiya su sami hanya.
To da me yake rayuwa?
Akwai wata a gefensa, siririya, ba ta runtsawa,
ita ke miƙo masa abin da ya rasa
ta huda a bango.

Hudojin nan!
Ni da na ɗauka kowace ƙwaya fursuna ce,
ashe itace unguwa ce mai tagogi a buɗe.
Saƙo na ratsawa ɗaki zuwa ɗaki.
A ce wa toho: yini ya yi tsawo, shirya.
A ce: tsutsa na cin mu a reshen gabas.
In annoba ta shigo, a yaɓe hudar a yi tsit,
ko da yake ita ma annobar ta san ƙofar.

Bara ɓarin jikin kakana ya shanye.
Hannun dama ya kwanta, harshe ya yi nauyi.
Maganar tana nan, ina hango ta a idonsa,
ta taru, ta kumbura sama da wuya,
ta rasa ta inda za ta bi.

Bana wuƙar na hannuna.
Yana zaune kan akwatin zabibi da aka kife.
Na san komai: in na yi sama-sama, aikin banza,
in na zarce na taɓa itacen da ruwa ke hawa,
ganye ya yi yaushi.
Amma takarda ba ta koya wa wuyan hannu zurfi.
Na tsaya, gumi na ɗiga kan ƙarfen.

Sai ya ɗora hagunsa a bayan hannuna.
Ya danna.
Ya ƙara kaɗan.
Ya saki.
Daidai nan ɓawon ya yi ƙara, ƙaramar ƙara,
ya rabu.

Saiwa za ta yi makonni tana azumi,
sannan tsoka ta rarrafo daga sama
ta haɗe bakin raunin, zaƙi ya koma gangara.
A Agusta mu baza baƙi a rana, zanzaro na shawagi.

Ya nuna ta gaba da haɓa.
Saura kuringa ɗari huɗu da sha ɗaya,
gwiwata kuwa har ta fara ciwo.